Mariƙi da kunamar ƙaramar bindiga mai jikin roba: me za a iya taɓawa a gida?

"Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwar shanu ne, ina zaune a Garwa ta Kamaru, amma harkata tana kai ni har Tuboro da Ngaundere. Bayan doguwar wahala na samu takardar izinin riƙe ƙaramar bindiga, na kuma saye ta ta hanyar da hukuma ta sani. Irin mai jikin roba ce. Matsalata biyu. In hannuna ya yi gumi sai ta riƙa zamewa. Sannan kunamar tana da tauri, in na harba sai harsashin ya sauka ƙasa ta hagu. Na ga Turawa a YouTube suna tsattsaga mariƙin da ƙarfen soda, suna kuma goge ƙarafan kunama da samfefa har ta yi laushi. Ƙanena mai gyaran waya ne, yana da kayan aikin. Zan iya yin wannan a gida? Allah ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa. Duk wanda ya san hanyar Tuboro, ya kuma san abin da masu dabbobi suka sha a hannun zargina, wato 'yan fashin hanya, da masu satar mutane, ba zai tambaye ka dalilin neman takardar nan ba. Na ji daɗi da ka ce ta hanyar hukuma ka bi, domin a kan wannan sharaɗin nake ba ka amsa.

Tambayarka ɗaya ce a baki, amma a wajen aiki biyu ce. Ta farko, yaya za a yi bindigar ta zauna daram a tafin hannu mai gumi. Ta biyu, ko ya dace ka rage taurin kunama da kanka. Masu bidiyon nan sun zuba su a ƙwarya ɗaya, kamar aikin da ake gamawa tsakanin la'asar da magariba, shi ya sa ka ɗauka nauyinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. In ka ɓata mariƙi, ka yi asarar kuɗi da kyan bindiga. In ka ɓata kunama, bindigar tana iya tashi a lokacin da ba kai ka ce ta tashi ba, a cikin mota ko a tsakar gida yara suna wasa. Na yi shekaru ina aiki a ma'ajiyar makamai kafin in ajiye aiki, ina karɓa, ina kwancewa, ina gogewa, ina mayarwa, kuma abin da na gani a wannan aikin ya sa zan sake maka igiya a kan ta farko, in riƙe ta tamau a kan ta biyu.

Abin da ke hannunka

Mu nan roba muke cewa, amma ba irin robar bokiti ko ta kujerar biki ba ce. Wani haɗi ne mai tauri wanda ake narkarwa a zuba a cikin ƙira, a dasa ƙarafan da marfin sama, wato ƙarfen saman bindigar da ke ja baya in an harba, ke gudu a kansu. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1970, mai suna VP70, amma ba ta karɓu ba. Wanda ya sa duniya ta yarda da ita shi ne Gaston Glock, mutumin Ostiriya, lokacin da sojojin ƙasarsa suka ɗauki Glock 17 a farkon shekarun 1980. Daga nan kowa ya bi: Walther, Smith & Wesson, SIG Sauer, har Canik ta Turkiyya. Ba ka faɗa mini ƙirar taka ba, don haka zan riƙa misali da Glock, saboda ita na fi kwancewa, kuma yawancin sauran a kan tsarinta suka ɗora nasu.

Jikin robar yana da amfani a ƙasarmu. Ba ya tsatsa da gumi, ba shi da nauyi, kuma in rana ta doke shi ba ya ƙona hannu kamar ƙarfe. Amma abu biyu nake so ka riƙe. Bangon mariƙin ba kauri gare shi ba, domin cikinsa rami ne da gidan harsashi ke shiga. Sannan a Glock lambar bindigar tana kan wani ɗan faifan ƙarfe da aka dasa a cikin robar, a ƙasan bututu ta gaba, ban da wadda ke kan marfi da kan bututun. Lambar nan ita ce ke rubuce a takardarka. Za mu dawo kanta.

Mariƙi: fara da abin da za a iya cirewa

Kafin ka sayi komai, je ka buɗe akwatin da bindigar ta zo a ciki. Kamfanoni da yawa suna sako wasu ɓallayen roba na bayan mariƙi, ƙarami da matsakaici da babba. Walther P99 ta zo da su tun 1997, Glock kuma ta fara da ƙirar Gen4 a 2010, inda matsakaicin ke ƙara kimanin milimita 2, babban kuma milimita 4. Na sha ganin mutum ya shekara yana kuka da bindiga, ɓallayen nan suna kwance a akwati ba a taɓa warware ledarsu ba. Milimita biyu kamar ba komai ba ne, amma su ke yanke inda yatsanka zai sauka a kan kunama. In mariƙin ya yi maka girma, yatsa zai kama kunamar da ƙarshen baki ya tura ta gefe. In ya yi maka ƙanƙanta, yatsa zai shige har gaɓa ya jawo ta ɗaya gefen. Abin da ake so shi ne tsokar yatsa ta zauna a fuskar kunama, ta ja ta baya kai tsaye, sauran yatsan kuma bai manne da jikin bindigar ba. Canja ɓallen nan aikin minti biyar ne, littafin bindigar ya nuna yadda ake yi, kuma kamfanin da kansa ya yi shi don mai bindiga ya yi a gida.

Bayan wannan sai maganar gumi. A Garwa watan Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ga danshin Binuwai in damina ta kusa, don haka abin da kake faɗa na san shi. Akwai takardar manne da ake yankawa daidai da ƙirar kowace bindiga, wata fuskarta kamar samfefa, wata kamar roba mai kaushi. Ni mai kaushin roba nake ba mutane shawara. Mai kama da samfefa ta fi riƙe hannu, amma wanda zai wuni da bindiga a ƙugu cikin mota, za ta saɓule masa fata, ta cinye singileti, ta riƙa kama riga tana ɗaga ta. Kafin a manna sai an wanke robar tas, babu mai babu maiƙo, an bar ta ta bushe. Ka kuma san cewa zafinmu yana sassauta gam, musamman in ana barin bindiga a cikin motar da ke rana, wanda ma bai kamata a yi ba ko don ɓarayi. Duk 'yan watanni ka duba gefunanta, in ta fara ɗagowa ka cire ka sa sabuwa.

Akwai kuma safar roba da ake zura wa mariƙi, irin ta kamfanin Hogue. Tsofaffin ma'aikata kuwa tiyub ɗin keke suke yankawa su zura, kuma maganar gaskiya yana aiki. Sharaɗinsa ɗaya: kada ya motsa. Na taɓa karɓar bindigar da robar ta zame sama ta danne maɓallin sakin gidan harsashi, mai ita yana ɗaga ta gidan harsashin ya faɗo a ƙafarsa. Wasu ƙirar kuma, irin HS2000 ta Kuroshiya wadda ake sayarwa a Amurka da sunan XD, suna da maɓallin tsaro a bayan mariƙi, wanda tafin hannu ke dannawa. In roba ta hau kansa ta danne shi dindindin, ka kashe tsaron ke nan ba ka sani ba. Duk abin da ka sa, ka cire harsashi gaba ɗaya, ka gwada kowane maɓalli, ka ga gidan harsashi yana shiga yana fita ba tare da an ja shi ba.

Maganar ƙarfen soda

Abin da ka gani a bidiyo shi ne a ɗora bakin ƙarfe mai zafi a kan robar, a yi ta ɗiga ƙananan ramuka ɗaruruwa har fuskar ta yi kaushi. Ba zan ce maka ba ya aiki ba. In gwani ya yi, riƙon yana da kyau ƙwarai, kuma gumi ba ya ɗaga shi kamar takardar manne. Sai dai wanda ya yi bidiyon yana Amurka, inda in ya ɓata jikin bindiga zai iya mayarwa kamfani ko ya sayi wata a shagon unguwarsu. Kai fa? Ka tuna watannin da ka yi kana bin takarda. Robar da aka narkar ba ta komawa, kuma jikin nan ba tayar mota ba ce da za ka shiga kasuwa ka sayo.

Ɓarnar da nake gani iri uku ce. Ƙarfe ya nutse ya huda bango. Ko zafi ya taru wuri ɗaya robar ta lotsa ciki, gidan harsashi ya riƙa maƙalewa. Ko kuma, wadda ta fi ɓoyuwa, a fara goge asalin kaushin da magagari kafin a tsattsaga, bangon ya yi siriri, a yi wata shida lafiya sannan ya tsage kusa da inda fil ɗin ƙarfe ke ratsawa. Ƙanenka na iya zama gwanin soda a kan allon waya, amma wannan wani hannu ne daban, kuma wanda zai koya ba a kan bindigarka ya kamata ya koya ba. Kamfani kuma ba ya ɗaukar alhakin jikin da aka ƙona.

Wasu suna haɗawa da sassaƙe ƙasan zoben da ya kewaye kunama, don hannu ya hau sama, yatsan tsakiya ya daina kumbura. Wannan ma ka bari. Kuben bindiga mai tauri a jikin zoben nan yake kamawa, shi ne ƙarar "ƙas" da kake ji in ka mayar da ita. Ka canja siffarsa, kuben ya daina riƙewa, wata rana ka sunkuya duba kofaton sa bindiga ta zame ƙasa.

In har ka gwada ɓalle da takardar manne wata uku ba ka gamsu ba, to a lokacin sai ka nemi mai gyaran bindiga wanda hukuma ta ba izini, ka tambaye shi ya nuna maka aikin da ya yi a baya, ka kuma ce kada ƙarfe ya kusanci lamba, ko ramin fil, ko wajen maɓallai. Amma a cikin waɗanda na ba wannan shawarar, kaɗan ne suka kai ga wannan matakin.

Kunama ba maɓalli ba ce kawai

Nan ne nake so ka ba ni hankalinka, Alhaji. Tsoffin bindigogin ƙarfe da yawa suna da maɓallin tsaro a gefe, wanda ake ɗagawa da babban yatsa. Yawancin masu jikin roba ba su da shi. Mutane suna ɗauka ba su da tsaro, alhali tsaron yana nan, an dai cusa shi ne cikin tafiyar kunamar. A Glock guda uku ne. Akwai ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, wanda ke hana ta motsi sai yatsa ya danne shi. Akwai wani ɗan turke a cikin marfi da ke tare allurar da ke dukan harsashi, ba ya kaucewa sai kunama ta yi tafiya ta ɗaga shi. Akwai kuma wani dakali da ƙarfen kunama ke zaune a kai, wanda ke hana shi sakin allura ko da bindigar ta faɗi. Dukansu uku jan kunama ne ke buɗe su, ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka saki sai su koma su rufe.

To ka ga wannan doguwar tafiyar da kunama ke yi kafin ta saki, wadda masu bidiyo ke kira aibi suna neman gajartawa, ita ce tsaron. Taurin kuma, wanda a Glock ya kai wajen kilo 2.5, da gangan aka sa shi. Ƙarfen da ke riƙe allura ba wani faɗi yake kamawa ba, ɗan gefe ne da ido da ƙyar yake auna shi. Samfefa ba ta san iyaka ba. Tana cire rufin da aka yi wa ƙarfen, tana kuma mayar da kusurwa mai kaifi ta zama mai santsi. Daga ranar bindigar na iya yi maka laushi yadda kake so, ka yi murna, amma kamun ya ragu, kuma lalacewa za ta ci gaba da kanta duk harbin da ka yi.

Na ga ƙarshen irin wannan da idona. Wani matashi da muka yi aiki tare ya kai bindigarsa wajen wani mai gyara a gari, a ɓoye, aka goge masa. Makonni kaɗan bayan haka muna filin gwaji, ya ja sau ɗaya ta tashi sau biyu, na biyun ya wuce saman tudun da ke tare harsashi. Allah ya kiyaye babu kowa a bayan tudun. Da na kwance ta, gefen ƙarfen ya yi sumul kamar bakin tsohon cokali. Wanda ya yi aikin bai yi da mugunta ba, gyaran gangar Auzinawa ne kawai, shi a ganinsa ya kyauta.

Kada kuma ka ɗauka wannan lissafin mai sauƙi ne ga masu ilimin abin. A 2017 aka gano cewa SIG P320, in ta faɗi ta wata kusurwa, nauyin kunamar kanta yana iya sa ta motsa ta harba. Kamfanin ya buɗe shirin karɓar bindigogin yana canja musu sassa, ciki har da sa kunama mara nauyi. Kamfani ke nan mai injiniyoyi da ɗakunan gwaji, a shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi ƙirar da aka gina a kan wannan bindigar. In abu ya iya kuɓuce musu, ina ga mai samfefa a zaure?

Wasu za su ce maka to kada a goge, a sayo kunamar da aka ƙera a sa kawai. Masu gasar harbi suna yi, kuma a filin gasa yana da ma'ana, domin bindigarsu ba ta kwana da harsashi, ba ta shiga kasuwa. Ga bindigar tsaron kai ban yarda da shi ba. Wasu daga cikin kunamun nan suna gajarta tafiyar har ɗan turken da ke tare allura ya zauna rabi a buɗe. In kuma aka sa sifirin mai laushi a bayan allura don jan ya yi sauƙi, dukan yana raguwa, harsashin da ya daɗe a ajiye cikin zafi ya ƙi tashi a ranar da kake buƙatarsa. Ga jabun kaya da suka cika intanet, masu kama da na asali a hoto. Sannan ka tuna halin da mutum ke shiga in tsoro ya kama shi: hannu yana rawa, yatsu suna ƙanƙamewa da kansu, ba ya jin bambancin kilo ɗaya da kilo biyu. 'Yan sandan birnin New York sun yi shekaru da yawa suna riƙe bindigogin da aka ƙara wa kunama tauri har kusan kilo 5.5 saboda gudun harbin kuskure. Wannan ya yi yawa, ya ɓata musu saiti, kuma a 2021 suka fara ba sababbin ɗauka mai sauƙi. Amma inda suka dawo shi ne kusa da taurin da kamfani ke fitarwa, wato irin wanda ke hannunka yanzu.

Me ya sa harsashin ke sauka ƙasa ta hagu

Ba ka faɗa ba, amma ina kyautata zaton da hannun dama kake harbi. Ƙasa ta hagu ita ce alamar da kowane mai koyar da harbi ya sani a wajen na-dama, bahago kuma nasa ƙasa ta dama yake sauka. Ka yi lissafin da kanka. Bindigar da harsashinta ba ta kai kilo 1 ba, kai kuma kana matsa mata kilo 2.5 da yatsa ɗaya. In sauran yatsun suka taya shi matsawa a daidai lokacin, bakin bindiga zai karkata hagu. In kuma jikinka ya riga ya san ƙara da turi suna zuwa, zai dunƙufar da hannu ƙasa kafin harsashi ya fita, kai ba ka ma sani ba. Wannan ba gazawa ba ce, kowa da haka ya fara. Amma rage taurin kunama ba ya warkar da shi, ɓoye shi yake yi, ranar tashin hankali ya dawo.

Maganinsa motsa hannu ba harsashi. Ka fitar da gidan harsashi, ka ja marfi baya, ka duba cikin bututu da ido, ka sa yatsa ka taɓa, domin cire gidan harsashi ba ya fitar da wanda ya riga ya hau. Ka kai harsasan wani ɗaki dabam ka rufe. Ka fuskanci bangon da ka tabbata zai tare harsashi, wanda babu mutum a bayansa, ba katangar zana ko ƙofar langalanga ba. Sai ka ɗora kwanson harsashi wanda aka riga aka harba a saman marfi kusa da saitin gaba, ka ja kunama a hankali har ta saki ba tare da kwanson ya faɗi ba. Hannun hagu shi ke riƙe da ƙarfi, na dama ya sassauta kaɗan don yatsa ya samu 'yanci. Minti goma a rana ya isa. Ka duba littafin taka ko ta yarda da jan kunama ba harsashi, yawancin irin waɗannan sun yarda. In ka gama ka mayar da harsashi, to an gama, babu "bari in ƙara ɗaya", domin a wannan ɗayan ne ake huda bango. Akwai kuma ribar da ba ka nema ba: ƙarafan suna goge junansu daidai inda ya kamata, kunamar ta yi santsi da kanta bayan ja ɗaruruwa.

Ka kuma ba wani wanda ya iya harbi ya gwada ta a inda doka ta yarda a yi harbi. In shi ma nasa ya sauka ƙasa ta hagu, sai a duba saiti. In nasa ya shiga tsakiya, ka samu amsarka.

Ƙura da mai

Sau da yawa wanda ya kawo mini bindiga yana cewa kunama ta yi tauri, ba tauri ba ne, datti ne. Hazon hunturu yana shiga ko'ina, ga ƙurar kara da ta hanya. Mutanenmu kuma suna son mai, suna ganin yawansa shi ne kulawa. Mai da ƙura in suka haɗu sai su zama kamar kwaɓin ƙasa, ka ja kunama ka ji tana ƙasƙas. Irin waɗannan bindigogin ɗigo kaɗan suke so, a wuraren da littafi ya nuna, ramin allura kuwa a bushe ake barinsa. Man gyaɗa da man ja kada su kusance ta, suna daskarewa su yi danƙo. Kada kuma a jiƙa ta a fetur. Ka tsaya a kwancewar da littafi ya koya wa mai bindiga, marfi da bututu da sifirin, sauran cikin na mai gyara ne. A Glock sai an ja kunama kafin marfi ya fita, kuma a nan ne mutane da yawa suka harbi hannunsu ko cinyarsu, don haka dubawar nan ta ido da yatsa ba a tsallake ta.

In ka wanke ta tas amma kunamar tana maƙalewa, ko ba ta dawowa gaba da kanta, ko ɗan harshen tsakiyar ya daina fitowa, to wannan lalacewa ce. Ka cire harsashi, ka daina ɗaukarta, ka kai wa mai izini ya sa kayan asali na kamfanin.

Ta fuskar hukuma

A Kamaru dokar da ke kula da wannan ita ce mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016, wadda ta kasa makamai aji takwas, na yaƙi dabam, na kare kai dabam, na farauta dabam, kuma ma'aikatar mulkin cikin gida ce ke ba farar hula izini. Izinin na wannan bindigar ce, mai wannan lambar, a yadda take. Shi ya sa na ce wuta kada ta kusanci lamba: jandarman da ya tsayar da kai a shinge ya ga lamba ta narke ba zai tsaya jin labarin gumi ba. Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda Kamaru da Chadi suke ciki, ba bindiga da harsashi kaɗai ta ambata ba, har da sassan da ake ƙera su ko gyara su da su, don haka yin odar kayan kunama ta intanet ko saƙo su ta hannun direba ba ƙaramin abu ba ne. In wani ya yi maka tallan ɗan ƙarfen da ke sa ta zuba harsashi ba tsayawa, ka tashi daga wurin, wannan ya fitar da ita daga abin da takardarka ta halatta maka gaba ɗaya.

Akwai kuma ranar da ba ma fata. In harbi ya faru, za a karɓi bindigar a bincika. In aka samu an taɓa kunama, ko da kana da gaskiya, ka ba mai ƙara abin riƙewa: ko dai ka mayar da ita mai saurin kisa da gangan, ko kuma sakacinka ne ya sa ta tashi. Ni tsohon ma'ajin makamai ne, ba lauya ba, don haka kafin ka canja wani abu da ba ya ciruwa ka je ofishin da ya karɓi takardunka ka tambaya, in da hali a rubuta maka.

Daga nan inda nake ban ga tafin hannunka ba, ban kuma ji kunamar da yatsana ba, abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninka. Amma akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba wanda ya fi damuna da duk waɗannan, shi ne yadda kake ɗaukarta. Mu masu manyan riguna ne. Bindigar da tsaronta ke cikin kunama ba a jefa ta a aljihun kaftani tare da makulli da carbi, ba a kuma soke ta a mazagin wando. Bakin riga ko igiyar mazagi in ta shiga zoben kunama lokacin da kake tura bindigar, za ta ja ta kamar yadda yatsa zai ja, ɗan harshen tsakiyar ba ya bambance su. Kuɗin da ka yi niyyar kashewa a kan kunama ka sa shi a kube mai tauri wanda aka yi don ƙirar taka, wanda ya rufe zoben kunama ruf, da ɗamara mai ƙarfi, da akwatin ƙarfe mai makulli a gida wanda yara ba su san inda makullin yake ba. In za ka mayar da ita kube, ka kawar da riga da hannun hagu, ka duba da idonka, ka tura a hankali. Ka gwada ɓallen da takardar manne, ka yi wata ɗaya kana motsa hannu da kwanson nan, sannan ka sake rubuto mini da sunan ƙirar da inda harsashin yake sauka, mu ga abin da ya rage.